Bugun Folger na Macbeth a Matsayin Littafin Aji

Duk malamin da ke koyar da adabin Ingilishi a makarantar sakandare ya san cewa ba a karanta wasan kwaikwayon Shakespeare a zama ɗaya. Rarraba shi ake yi, yau a karanta fitowa ɗaya a aji, a ba da jinga a kanta, gobe a tattauna abin da ɗalibai suka rubuto, har zangon karatu ya ƙare. Da wannan ma'auni na auna bugun Folger na wasan Macbeth, wanda Barbara Mowat da Paul Werstine suka tace, kuma a ganina ya cancanci a ɗora darasin kullum a kansa.

Littafin ya fito ne daga ɗakin karatu na Folger da ke birnin Washinton a Amurka, wanda aka buɗe a 1932, kuma yake ajiye da kwafi 82 na kundin farko na wasannin Shakespeare da aka buga a 1623. A cikin wannan kundi ne Macbeth ya fara fitowa a buge, saboda haka matanin da ɗalibi ke riƙe da shi daga can aka ɗauko shi, kuma inda masu tacewa suka yi gyara sun sa alama domin mai karatu ya sani.

Babban abin da ya fifita wannan bugu shi ne tsarin shafukansa. Matanin wasan yana shafin dama, bayanin kalmomi masu wuya kuma yana shafin hagu daura da shi, tare da lambar layin da ake magana a kai. Amfanin wannan yana bayyana ne idan aka zo fitowa ta 7 a kashi na 1, inda Macbeth yake tsaye shi kaɗai yana auna ko zai kashe Sarki Duncan. Jingar da ta dace da wannan wuri ita ce ɗalibi ya zaƙulo dalilan da Macbeth ya kawo na fasa kisan: Duncan ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, baƙonsa ne a daren, kuma mutum ne mai adalci da za a yi kukan rashinsa. Jimlolin wurin a murɗe suke, amma ɗalibin da ya maƙale sai kawai ya karkata ido hagu, ya sami bayani, ya dawo kan layinsa ba tare da zaren maganar ya kuɓuce masa ba. Littattafan da ke tura bayani can ƙarshe suna sa yaro ya gaji da juya shafi, waɗanda kuma suke sake rubuta wasan da Turancin yau suna sa shi ya daina kallon kalmomin marubucin gaba ɗaya.

Wasan yana da fitowa 28 a wannan bugu, yawancinsu gajeru ne da za a iya karanta su da murya a tattauna su cikin darasi ɗaya. Fitowa ta 3 a kashi na 4, inda Malcolm, ɗan Sarki Duncan, yake gwada amanar basarake Macduff a Ingila, ita ce mafi tsawo, kuma gara a raba ta kwana biyu. Lambobin layi suna sauƙaƙa jingar kwatantawa: malami zai iya cewa a dubi inda matar Macbeth take cewa ruwa kaɗan zai wanke laifinsu na kisan Duncan a kashi na 2, sannan a dubi farkon kashi na 5 inda take tafiya cikin barci tana ta goge hannuwanta, a rubuto abin da ya canza, kuma a kafa hujja da layin da aka ɗauko.

Akwai abubuwan da ya kamata malami ya shirya musu. Kowace fitowa tana farawa da taƙaitaccen bayanin abin da zai faru, wanda yake taimaka wa mai rauni, amma malalacin ɗalibi zai iya tsayawa nan ya zo aji kamar ya yi karatu. Maganinsa shi ne a riƙa ba da tambayar da ba za ta amsu ba sai an shiga cikin matanin. Littafin kuma ba ya ɗauke da tambayoyin aikin gida, don haka wannan nauyi yana kan malami. Bayanin shafin hagu ma an yi shi ne da tunanin wanda ya riga ya iya Turanci sosai, saboda haka wanda yake koyonsa a matsayin harshe na biyu zai buƙaci ƙamus a kusa.

Folger ta sa matanin kyauta a intanet, abin da ke ceton ɗalibin da ya manta littafinsa, sai dai ba ya tare da bayanin kalmomin. Ina ba da shawarar ajin gaba ɗaya ya riƙe bugu iri ɗaya, domin lambobin layi suna bambanta daga bugu zuwa bugu, kuma jingar da aka ba da ta lambar layi tana rikicewa idan littattafan suka sha bamban.