Mitar ruwa da aka saka mana sau biyu a gidan fiya wata

Wata uku kenan da gama aikin saka mitar, da gangan na yi shiru sai na ga kamun ludayinta tukuna. Muna da ɗan gidan fiya wata a wajen Rigasa, kuma tuntuni lissafi baya fita, sumo, wato famfon da ke jawo ruwa daga cikin bohol, na aiki wuni guda, man janareto na ƙonewa, amma ledar da ake lodawa a mota bata taka kara ta karya ba. Ƙulli 20 ne a leda, kowanne rabin lita, leda ɗaya lita 10 kenan, to in bohol ya ba da lita 1,000 ina sauran ke tafiya bayan wanda injin tacewa ke zubarwa?

Shi ya sa na sayo mita in gano. Mitar irin mai aiki da maganaɗisu ce, ba fanka a cikinta, ruwa na wucewa tana karantawa. Da farko fulambanmu na kullum na ba aikin, mutumin kirki ne wallahi amma wannan ba layinsa bane, ya manna ta daf da elbo, wato gwiwar fayif, a can sama inda fayif ke juyawa zai shiga tanki. Lamba sai rawa take, sumo a kashe ma tana ƙirga. Har na fara cewa an sayar min da jabu.

Wani abokina mai aiki a Kakuri ne ya haɗa ni da wasu masu wannan sana'ar. Ogansu na zuwa ya ɗaga kai ya ce "Alhaji mitarka lafiya lau take, wurin zama ne ba a bata ba." Wai dole fayif ya zama cike da ruwa ko yaushe, a sama kuwa iska ke taruwa. Kuma tana son miƙaƙƙen fayif kafin ita, ninki 5 na faɗinsa, bayanta ninki 3, namu inci 2 ne, wato inci 10 da inci 6 ba elbo ba bawul. Suka sauko da ita ƙasa inda ruwa ke hawa sama, suka duba kibiyar jikinta, sannan da yake fayif ɗinmu na roba ne suka saka wasu zobba na ƙarfe gefe da gefe suka ja waya zuwa ƙasa. Fulambana ko jin labarin zobban nan bai taɓa yi ba.

Abin da ya fi burge ni gwajin da suka yi a gabana, duro mai lita 200 muka cika sau uku, duk ukun mita da duro suka yi daidai, bambancin bai kai a yi magana ba. Na ce to a saka min irinta a tankin man dizal mana, ya ce a'a, irin wannan bata karanta mai sam tunda lantarki baya bi ta cikinsa, ko ruwan da ya fito daga injin tacewa na RO ma yana iya rikita ta don an cire masa gishiri. Ciniki ya bari ya wuce shi a nan, da wani ne da ya karɓi kuɗi kawai.

Sai dai fa lokaci kam sifiri. Sun ce ƙarfe 9, sai bayan azahar suka iso, filanja ɗaya, wato faifan da ake ɗaure mita da fayif da shi, bata hau ba aka tura yaro Panteka a kan mashin, ranar gaba ɗaya ko ƙulli ɗaya bamu buga ba, direbobi na zaune a inuwa suna harara ta. Takardar gwaji sai da na yi ta bin su a waya, guntayen fayif ma mu muka share. Kuɗin aikinsu akwai zafi kuma basa ragi, gilashin mitar suka bar min a rana sai ni na sa mai walda ya yi masa ƴar rumfa.

Ɓarnar kuwa ashe tankin sama ne ke ambaliya da daddare, yara su kunna sumo su kwanta barci. Yanzu safe da yamma nake rubuta lamba a littafi, mai gadi ya san ina dubawa.