Tsohon ƙashi ko samfurin majiyyaci: wanne ya fi wajen gano asalin tunjere?

Ɗaliban kiwon lafiya a nan Damagaram sun sha tambayata wace hanya za su bi in suna son binciken asalin Treponema pallidum, ƙwayar da ke haddasa tunjere da ƴar'uwarta bejel, wadda aka sani a yankin Sahel.

Samfurin majiyyaci ya fi arha da sauƙin samu. Da ƙwayar zamani aka fara karanta dukkan ADN ɗinta, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, a 1998. Sai dai shekarun asali lissafi ake yi daga yawan sauye-sauyen da suka taru, kuma dangin nan sun yi kama fiye da kashi 99 cikin ɗari, kuskure kaɗan sai ya karkatar da lissafin.

Tsohon ƙashi kuwa shaida ce ta zahiri. A 2024 aka ba da rahoton ADN mai kama da na bejel daga ƙasusuwan Barazil masu shekara kusan 2,000, tun kafin annobar tunjere da ta ɓarke a birnin Napoli na Italiya a 1495. Amma yana cin kuɗi, yana buƙatar ɗakin gwaji mai tsananin tsabta, ana kuma niƙe ɓangaren ƙashin. Zafinmu ma, ka san shi, ragargaza ADN yake.

Mai bin yaɗuwar cuta da bijirewarta ga magani, samfurin majiyyaci ya ishe shi. Mai tambayar yaushe kuma daga ina, ya nemi ƙashi da abokan aiki masu kayan gwaji.