Akwatin littattafan hoto na ƙananan yara: abin da na gani bayan mun sha karatu

Littattafai shida ne a cikin akwati ɗaya, an yi su don yara 'yan shekara uku zuwa biyar. Kamfani ɗaya ne ya buga su, amma marubutan da masu zanen daban-daban ne. Na saya wa 'yata mai shekara huɗu, kuma mun daɗe muna karanta su da dare kafin barci, har wasu bangonsu ya fara laushi. Biyu daga ciki sun yi kyau ƙwarai, uku ba yabo ba fallasa, ɗaya kuwa bai cancanci shiga akwatin ba. Labaran duka kusan ƙarfinsu ɗaya. A wajen zane ne aka bar wasu a baya.

Wanda ya fi burge ni labarin wata yarinya ne da takalminta ƙafa ɗaya ya ɓace. Rubutun bai wuce layi ɗaya ko biyu a shafi ba: ta duba ƙarƙashin gado, babu, ta duba bayan ƙofa, babu. Ko sau ɗaya marubucin bai ambaci ƙaninta ba. Amma mai zanen ya sa shi a kowane shafi, can gefe, yana ta jan ƙafa da ƙaton takalmin da ya fi ƙarfinsa. Ni da nake bin rubutu sai da na kai shafi na uku ban lura da shi ba. 'Yata ce ta dafe hannuna ta ce, "Umma, tsaya! Ga shi can a ƙafar yaron." Daga nan dariya ta ƙwace mata, domin ta san abin da yarinyar cikin labarin ba ta sani ba. Wannan jin daɗin, na yaro ya riga babba gano wani abu, zane ne kaɗai ya ba ta shi.

Ba 'yata ce kaɗai haka ba. A 2005 wasu masana biyu a Kanada, Mary Ann Evans da Jean Saint-Aubin, sun yi amfani da na'urar da ke bin motsin ido don su ga inda ƙananan yara ke kallo idan ana karanta musu littafi. Sun tarar kusan duk lokacin idonsu na kan hoto, rubutun da ƙyar suke leƙa shi. Ke nan kunne na wajen mai karatu, ido na wajen mai zane. In zanen ya maimaita abin da aka faɗa kawai, idon yaron ya zauna ba aikin yi, sai ka ga ya fara wasa da gefen takarda. Abin da ya sami littattafai ukun nan na tsakiya ke nan. An rubuta "kare yana gudu", an zana kare yana gudu a kan farin fili, shi ke nan. Launukan suna da kyau, amma sau biyu muka karanta ta ƙoshi.

Na biyun da na yaba ba shi da rubutu ko kalma ɗaya, ban da abin da ke bango. Tsuntsuwa ce ke gina sheƙa, iska ta zo ta watsar, ta sake farawa. A nan yarinyar ce mai ba da labari, ni kuma mai tambaya: me ya faru a nan, me ya sa ta sunkuyar da kai, ina za ta yanzu? Kullum labarin sai ya canza. Wata rana iskar muguwa ce, wata rana kuma wai ba da gangan ta yi ba. Irin wannan karatu na tambaya da amsa, wanda Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka gwada a Amurka a 1988 suka ga yana ƙara wa yara kalmomi, ba ya yiwuwa sai hoton na da abin da za a tattauna a kai. Mai zanen nan ya san aikinsa. Shafin da sheƙar ta watse ya rage launi, ya mai da tsuntsuwar 'yar ƙarama a ƙasan shafi, sama duk fili. Ba wanda ya gaya wa yarinyar cewa abin tausayi ne, amma muryarta da kanta ta yi ƙasa.

Akwai kuma dabarar juya shafi. Galibin littattafan irin wannan shafi 32 ne, saboda ana buga su a manyan takardu da ake naɗewa su ba da shafi takwas ko goma sha shida. In aka cire shafin suna da na bayanin bugu, abin da ya rage wa labari bai fi buɗi goma sha huɗu ba, wato shafi biyu-biyu masu fuskantar juna. Mai zane nagari yana ajiye tambaya a ƙarshen shafin dama, amsar kuma sai an juya. Littattafan nan biyu sun yi haka, shi ya sa hannunta ke rigan nawa zuwa gefen takarda.

Sai wanda ya ɓata mini rai, littafin ƙidaya. An rubuta agwagi bakwai, amma ta bakwai ta faɗa daidai tsakiya inda aka ɗinke littafin, sai an danne shi da ƙarfi ake ganin bakinta. Yarinya ta ƙirga ta sami shida, ta sake ta sami shida, ta dube ni tana jiran hukunci. A wani shafin an ce hular yaron ja ce, a hoto kuma ruwan lemo. Babba zai ce wannan ƙaramin abu ne, amma ga mai koyon launi da lamba, shi ne darasin gaba ɗaya. An kuma cika shi da 'yan murafan takarda da ake ɗagawa, waɗanda suka janye hankalinta daga ƙidayar, kafin daga baya su yage ɗaya bayan ɗaya.

Wani abu da na lura: littattafan biyu masu kyau sun sa sunan mai zane a bango daidai da na marubuci, na ƙidayar kuwa sai a ciki, da ƙananan haruffa. A Amurka tun 1938 ake ba da lambar yabo ta Caldecott, kuma mai zane ake miƙa wa, ba marubuci ba. An sa mata sunan Randolph Caldecott, mai zane ɗan Ingila da ya rasu a 1886. Duk kamfanin da ya ɓoye sunan mai zanensa, ina zargin bai ɗauki zanen da muhimmanci ba.

Takardar tana da kauri daidai gwargwado kuma ba ta ƙyalli, don haka hasken fitila ba ya kashe hoton da dare. Sai dai ba ta dace da ɗan ƙasa da shekara uku ba, mai kai komai baki. Shi a nema masa masu shafin kwali. In ana sayar da su ɗai-ɗai, na takalmi da na tsuntsuwa zan ce a ɗauka. Kafin a biya kuɗin kowane, a rufe rubutun da tafin hannu a bi hotunan daga farko zuwa ƙarshe, a kuma buɗe tsakiya a duba ko ɗinki ya cinye wani abu.