Shagon yaron nan na kusa da Kasuwar Dole, mai goge kwamfuta

Shekara 6 ina buga wa mutane takardu a unguwar Zengo ta Damagaram da wannan kwamfuta: takardar gado, ta sayen fili, har wasiƙar saki. Da na tashi sayar da ita, na share komai, na zubar da kwandon shara, hankalina kwance.

Wani yaro mai gyara kusa da Kasuwar Dole ya ce, "Baba, zauna ka gani." Ya buɗe Recuva, manhajar dawo da fayilolin da aka share. Kafin shayina ya huce, sai ga hotunan bikin 'yata da takardun mutane suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Gumi ya keto mini. Ashe sharewa sunan fayil kawai take cirewa, abin yana nan kwance sai an rubuta wani a kansa.

Da Eraser ya yi aikin gogewa, manhaja ce ta kyauta mai rubuta wani abu a kan tsofaffin fayiloli don kada su dawo. Na ce ya sa mai zagaye 35, wato ta maimaita rubutun sau 35, tsarin wani masani Gutmann na 1996, tunda ya fi yawa. Ya yi dariya: faifan zamanin nan zagaye ɗaya ya ishe shi, sauran ɓata wuta ne. Wutar ma ta ɗauke ana tsaka, aka koma farko.

Ya sake binciken a gabana, babu abin da ya buɗu. Ya kuma faɗi gaskiya: a kan SSD, wato ma'ajiyar kwamfuta marar faifai mai juyawa, da katin waya ba a amince wa wannan hanya, nasu daban ne.

Jika 2 na biya. Benci ɗaya ne a shagon, rana na dukansa bayan azahar, gara zuwa da safe.