Sulhu ko Kotu: Hanyoyi Biyu na Tsara Riƙon Yara Bayan Rabuwar Aure

Idan aure ya mutu alhali akwai yara a tsakani, iyaye kan zaɓi ɗayan biyu: ko su sasanta a gaban mai shiga tsakani, ko su miƙa al'amarin ga alƙali.

A sulhu, iyayen ne da kansu ke tsara wurin zaman yaro, da ranakun ziyara, da wanda zai ɗauki nauyin makaranta da magani, mai shiga tsakani kuwa ba shi da ikon tilasta wa kowa. Galibi ya fi sauri da sauƙin kuɗi, kuma sirrin gida ba ya fita. Rauninsa shi ne, yarjejeniyar da ba a rubuta an kai kotu ta tabbatar ba tana iya rushewa duk ranar da ɗayansu ya canza ra'ayi, musamman bayan sabon aure.

Shari'a tana cin lokaci da kuɗin lauya, tana kuma ƙara tsamin dangantaka, sai dai hukuncinta dole ne a bi shi. Ma'aunin da kotuna da yawa ke amfani da shi shi ne maslahar yaro, kamar yadda sashe na 3 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya tanada, sashe na 12 kuma ya bukaci a saurari ra'ayin yaron gwargwadon shekarunsa da hankalinsa.

A ganina, inda akwai duka ko barazana, kotu ce ta dace, domin mai jin tsoro kan amince da sharaɗin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba.