Kwamfutocin Alhaji ba laifi, zancen lasisin Windows ɗinsa ne ya ƙona mini rai

Masu tambayata ko su sayi kwamfuta a shagon Alhajin nan na wajen Babbar Kasuwa, amsata ita ce ku saya. Kayansa na hannu ne amma masu ƙwari, ba ya haɗa ka da mataccen batir ya rantse sabo ne. Sai dai in ya fara maganar Windows, ku toshe kunne.

Ni malamin makaranta ne a nan Yamai, aikina da kwamfuta bai wuce buga takardun jarrabawa da lissafin makin ɗalibai ba. Ta farko da na saya wurinsa, ya ɗora mini wani abu a kan farashin da kowa ya sani, wai Windows ɗinta na asali ne, ba irin na sata da ake ɗura wa sauran ba. Har da dafa ƙirji: "Mushe, ka saya ka huta. Lasisin nan naka ne, ko ka sake kwamfuta da shi za ka tashi." Rabin maganar gaskiya ce, Windows 10 Professionnel ne na asali, bai taɓa yi mini gardama ba. Ɗaya rabin ne ya ci mini kuɗi.

Da damina hadari ya taso, kuran ya ɗauke ya dawo da ƙarfi tana jone, kartmer, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa, ta ƙone. Wannan ban ɗora wa kowa ba. Kuɗin gyara ya kusa na wata kwamfutar, sai na koma wurinsa na ɗauki ta biyu, yaronsa ya ciro faifan ajiyar tsohuwar, inda Windows da takarduna suke, ya dasa a cikinta. Ta tashi lafiya lau, takarduna duk suna nan, har na sa wa yaron albarka. Ban jima da ita a gida ba sai ga rubutu dishi-dishi a kusurwar allo ta ƙasa: "Activer Windows". Aiki tana yi, amma ko hoton bango ba ta bari ka sauya daga saituna, rubutun kuma yana bisa duk abin da ka buɗe.

Na koma. Alhaji ya ce matsalar intanet ce, in jona ta ta kwana. Ta kwana, rubutu na nan. Na sake komawa, sai magana ta juya: wai lasisin nawa ne, amma "sai an ɗauko shi", ɗaukowar kuma jika 5. Yaron ya soka kile na USB, wata baƙar taga ta buɗe ta rufe, rubutun ya ɓace. Na biya na tafi ina ganin an gama. Ana tsakiyar shirin jarrabawa, wajen wata shida da yin haka, sai ga wani saƙo ya tare allo: "Votre licence Windows va bientôt expirer". Lasisin da aka ce nawa ne har abada, wai wa'adinsa ya kusa cika.

Wani tsohon ɗalibina da ke karatu yanzu a Jami'ar Abdou Moumouni ne ya warware mini zaren. Ya buɗe baƙar tagar nan ya buga slmgr /dli, umarnin da ke nuna irin lasisin da ke kan kwamfuta, ya juyo mini da allon ya ce, "Mushe, karanta nan." An rubuta VOLUME_KMSCLIENT. Ya ce wannan nau'in na manyan ma'aikatu ne masu ɗaruruwan kwamfutoci, kowace tana samun izinin kwana 180, kafin su cika sai ta tuntuɓi uwar garken ma'aikatar, wato babbar kwamfutar da ke kula da sauran, a sabunta mata. Ni ba ni da ma'aikata, ba ni da uwar garke. Abin da yaron Alhaji ya yi shi ne ya yaudari kwamfutar na ɗan lokaci. Wato Windows na satar da na biya ƙari tun farko don in guje masa, shi aka sayar mini a jika 5.

To ina nawa na asali? Na ce masa, ɗana, ɗauko mini shi mana. Ya ce ba ya ɗaukuwa. Windows ɗin da ya zo a cikin kwamfuta daga masana'anta, wanda ake kira OEM, na kwamfutar ne ba na mai ita ba. Zamanin Windows 7 ana manna ƴar takarda a ƙarƙashin kwamfutar mai ɗauke da lambar sirri, haruffa da lambobi 25. Daga Windows 8 da ya fito a 2012 aka daina, ana rubuta lambar a cikin kartmer ɗin kanta, a ɓangaren da ake kira BIOS. Ka sauya faifai, ka ƙara RAM, ka goge komai ka sake zubawa, lasisi na nan. Kartmer ta mutu, ya bi ta. Sharuɗɗan Microsoft ma haka suka ce: Windows da aka riga aka zuba ana iya miƙa shi ga wani mutum ne tare da na'urar kaɗai. Kamar takardar babur ce, lambar jikinsa ke rubuce a kai. Ka sayar da babur ta bi shi, amma ba ka nuna wa ɗan sanda ita a kan wani babur daban.

Wanda ke tashi da mutum shi ne wanda aka saya shi kaɗai, slmgr na nuna shi da RETAIL. Shi kana iya cire shi daga tsohuwa ka sa a sabuwa, muddin kwamfuta ɗaya ce ke amfani da shi a lokaci guda. Tun 2016 ma ana iya ɗaura lasisi a kan asusun Microsoft don sauƙin sake kunna shi in an sauya kayan ciki, amma hakan ba ya mayar da na OEM ya zama na yawo daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Tsakani da Allah, da na fahimci tsarin ban ga zalunci a ciki ba, tunda na OEM ɗin a cikin kuɗin kwamfuta yake, ya kuma fi araha nesa ba kusa ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne mutum ya karɓi kuɗina a kan alkawarin da ba shi da ikon cikawa.

Abin mamakin yana gaba. Ɗalibin nan nawa ya buga wani umarnin, sai ga lamba 25 ta fito daga cikin kwamfuta ta biyun. Ashe ita ma da nata lasisin na asali, na Windows 10 Famille. Abin da ya hana shi aiki shi ne faifan da aka dasa na Professionnel ne, lambar Famille kuwa ba ta kunna Professionnel. Muka kwashe takarduna a kile, ya goge faifan ya zuba Famille, muna jona intanet ta kunna kanta, ko dala ban biya ba. Yanzu slmgr na nuna OEM_DM. Ban kuma ga abin da na rasa ba, Word da Excel ɗina suna tafiya yadda suka saba. Ranar har na ji Alhaji ya ɗan wanku a idona, ai dai kwamfuta mai lasisi ya sayar mini sau biyu.

Da na zauna na yi tunani sai ran ya sake ɓaci. Ko dai ya san lambar na ciki ya ƙyale ni na biya, ko kuwa mutumin da ya shekara da shekaru yana sayar da kwamfuta bai san abin da ɗan jami'a ya gano cikin ɗan lokaci ba. Ga wata kuma da bai faɗa mini ba: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa yana neman wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, in kuma injin kwamfutar Intel ne, na ƙarni na 8 zuwa sama. Tawa Core i5 ce ta ƙarni na 7. Ɗaya tak ta rage, kuma a kan teburin nasa akwai na ƙarni na 8 ranar da na saya, ba wanda ya ce mini uffan. Don haka waccan "ku saya" da na faɗa, ku haɗa ta da sharaɗi: ku je da wanda ya san abin, a buga slmgr /dli a gabanku kafin kuɗi su fita daga aljihu. In kun ga OEM, madalla, amma kar ku ƙara ko sisi a kansa da sunan za ku tashi da shi. In kun ga KMS, ku ajiye masa abarsa.

Na je neman jika 5 ɗina. Ya yi dariya ya ce, "Haba Mushe, ai wata shida ka mora." Da na tsaya kai da fata sai ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini linzamin kwamfuta, wai a bar maganar. Na karɓa, tunda na ga kuɗin ba fitowa za su yi ba. Ƴar tayar tsakiyarsa ba ta aiki.