Keken alminiyam a titunan Jos: daɗi a tudu, wahala a gargada

Keken alminiyam ɗan gwanjo nake hawa yanzu tsakanin Bukuru da Terminus, bayan na daɗe a kan tsohon Raleigh na ƙarfe irin na iyayenmu. Wajen rashin nauyi kam ba a magana. Jos gari ne na hawa da gangara, kuma tudun da a da sai na sauka na tura, yanzu ina zaune nake haye shi.

Matsalar tana farawa ne da zarar kwalta ta ƙare. A hanyar burji mai tsakuwa jijjigar tana shiga tafin hannu ta haura har kafaɗa, kafin in isa gida yatsuna sun yi sanyi kamar na kwana a kansu. Akwai dalili. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, amma taurinsa ma haka yake, shi ya sa masu ƙerawa ke faɗaɗa bututun da ake haɗa jikin keken da shi don kada ya riƙa lanƙwasa har ya tsage. Faffaɗan bututu kuwa ba ya sassautawa. Raleigh ɗin bututunsa sirara ne, ƙarafan da ke riƙe tayar gaba kuma a ɗan lanƙwashe suke, suna shanye wani abu daga dukan hanya kafin ya iso hannu.

Mai gyaran keken unguwarmu ne ya latsa tayar da babban yatsa ya ce, "Yallaɓai, wannan iskar ta yi yawa, kuma tayar siririya ce." Muka cire mai faɗin milimita 28 muka sa mai 38, aka rage iska. Wallahi sauƙin da na samu ya fi bambancin da ke tsakanin kekunan biyu, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Na ɗana keken kabon, wato wanda aka ƙera jikinsa da zaren kabon maimakon ƙarfe, a wurin wani aboki. Yana kashe ƙananan jijjiga sosai, sai dai tsada, kuma in ya tsage mai walda ba shi da abin yi.

Mai ɗaukar kaya ko mai bin hanyar ƙauye, ni dai na ƙarfe zan ce ya saya, ko da yake yana tsatsa da damina. Wanda ya nace wa alminiyam ɗan gwanjo, ya goge wuraren walda ya duba tsagewa kafin ya biya, domin ɗinke shi sai an sami mai injin walda na musamman da ke aiki da iskar agon, ba kowane mai walda na bakin titi ba.